Farin Yadin 'Yan Albasa

Har gobe ina tuna ranar da Alhaji Garba ya shigo da farin yadin nan shagonsa na ɗinki a unguwar New Bell. Shekarun da aka karya darajar kuɗin sefa ne. Masaƙar da nake wa aiki ta rage mu, na samu wuri a wajensa ina duba kowane bandir kafin a sa masa almakashi. Da wannan aikin kaɗai nake ciyar da mutum bakwai.

'Yan albasar kasuwar Sandaga ne suka kawo ɗinkin anko, za su tarbi shugabansu daga aikin hajji. Auduga ta yi tsada, sai Alhaji ya samo wani mai araha, sai ƙyalli yake yi. Na zare sili ɗaya na sa a madubina mai ƙara girma. Silin auduga a baje yake kuma a murɗe, shi ya sa yake watsa haske, ya tare zafin rana. Wannan kuwa mulmulalle ne sumul kamar zaren kamun kifi, haske da zafi ratsa shi kawai suke yi.

Na ce, "Alhaji, a fita da shi rana a ɗaga tukuna."

Ya ce, "Ka ji injiniya! Masaƙar da ta san iliminka ai ita ta kore ka. Ici, patron ɗaya ne, ni kaɗai ne maigida a nan. Ka kai mini yadi ƙofa, ka wuce ke nan."

Na mayar da madubina aljihu. Aka ɗinka, shi ma ya ɗinka wa kansa, don kada a bar shi a baya.

Ranar tarba suka jeru a bakin titi bayan azahar, rana a bayansu. Dattawa da gemunsu, ga gumi ya manna musu riguna, kowa ana ganin launin gajeren wandonsa. Na Alhaji Garba ja ne, har da faci. Masu babur suna tsayawa suna tafi.

Washegari ya kira ni. Don wauta, na shiga ina jiran ban haƙuri.

"Malam Sule, ka san haka za ta faru?"

"Ai na faɗa, Alhaji."

"Sau ɗaya ka faɗa! Mai duba yadin da tsawa ɗaya ke rufe wa baki, me zan yi da shi?"

Nan take ya sallame ni. Na ji haushi ƙwarai, abin da ya fi ci mini rai kuma shi ne bai yi ƙarya ba. Don haka ku da kuka shigo sana'ar nan, ku sani maigida ba ya laifi, yadi ma ba ya laifi, ku ne masu yi. Tunda ko ta yaya korar na nan tafe, gara ta same ku kafin a yanka yadin.