Takin majema a gandunmu

Shekarar da takin zamani ya fi ƙarfin talaka, yayana ya kawo tifa guda ta wata baƙar laka daga wani kamfanin jima a Kano. Wai kyauta ake bayarwa, kuma an ce tana tayar da gonar da ta gaji. Yaya kuwa in ya ji kyauta, kunnensa toshewa yake yi. Aka jibge ta tsibi-tsibi a gandunmu na Gafasa yadda ake yi wa takin gida, tana jiran ruwan shuka.

Da rani gona ba ta da mai ita a wurinmu. Kowa sakin dabbobinsa yake, su ci kara su bar kashi. Ba wanda ya tuna cewa da gishiri ake adana fata kafin a jeme ta.

Wata safiya na fita neman itace, na tarar da saniyar Inna, mahaifiyarmu, ta kafa kai a tsibi tana lasa kamar an ba ta kanwa. Ramin da ta yi ya nuna ba ranar ta fara ba. Ga shi kuwa da nononta nake dama wa 'yata fura tun da na yaye ta.

Na yi gida a guje. Yarinya na wasanta, amma na sure ta ina duba ido, ina duba harshe, ban ma san abin da nake nema ba. Yaya ya ce lakar nan ƙasa ce kawai, in daina tara masa jama'a.

Na ce, "To Yaya, ɗebo ka lasa mu gani."



Ba a jima ba saniya ta kama zawo, ta daina tuƙa. Aka yanka ta kada ta yi mushe, amma Inna ta hana raba naman, ta sa aka binne. A asibitin Gaya aka ce ba a ga komai a jikin yarinya ba, sai dai dafin sinadaran jima da ke cikin irin wannan laka ba ya saurin nuna kansa. Na dawo da tsoron da ya fi wanda na tafi da shi.

Geron da aka shuka da takin lakar kuwa ya yi kyau a shekarar, har maƙwabta na yi wa Yaya barka. Ba mu da wani abincin sai shi. Ni na surfa, ni na dama kunun, na ba yarinyar a baki ina kallon maƙogwaronta.