Zanen Garin Shinkafa a Ƙofar Injiniya

Shekarar da aka zo haƙa rijiyoyin burtsatse a ƙauyukanmu, tun daga Ƙetare har Mairuwa da Daudawa, ni na ba injiniyan aikin masauki a Ƙanƙara. Ba'indiye ne, ya zo da matarsa. Na ba su sashen da ke jikin gidanmu, mai ƙofa ta waje. Ya ce su mutanen Telugu ne, harshensu daban da wanda yaranmu ke ji a fim. Turancina na firamare ne, amma da shi muke fahimtar juna, saboda haka duk maganar da za a yi da su ta bakina take bi.

Matar tana da tsari, ni kuwa ina girmama mai tsari. Kowace safiya takan share ƙofar, ta yayyafa ruwa, sannan ta tsuguna da garin shinkafa a hannu. Da farko ta ɗiga ɗigo a jere, bayan nan ta bi su da layi tana kewayawa, har zane ya fito kamar adon hula. Suna ce masa muggu. Na tambayi Injiniya dalili. Ya ce tururuwa da tsuntsaye na samun abinci, kuma a addininsu na Hindu marhaba ce ga Lakshmi, wadda suka ɗauka ita ke kawo arziki. Na ce masa ni ban yarda da wannan ba. Ya ce ya sani. Muka bar zancen.

Unguwa ba ta bar shi ba. A wurinmu, in ka ga an barbaɗa gari a bakin ƙofa an ja layi, ba ka tsallakewa. Mata suka daina bi ta gefen. Gwaggo, ƙanwar mahaifina da ke zaune tare da mu, ta kira ni ɗakinta.

"Kai da hankalinka ka ajiye mana masu sammu a jikin bango?"

"Gwaggo, mai sammu ɓoyewa yake yi. Wannan a sarari yake."

"To, rashin kunyar ma ta fi yawa."

Ba ta sake yi mini maganar ba. Ashe da ta idar da sallar asuba takan fita da tsintsiya, ta share zanen jiya tas, ta watsa wa wurin ruwan ganyen magarya, irin wanda ake karya sammu da shi. Matar Injiniya kuwa in ta fito sai ta tarar da ƙasa a share, da danshi, daidai yadda take so. Wata rana ta hango Gwaggo ta taga tana sharar.

Ranar wata Juma'a da hantsi suka yi sallama, ita da mijinta. Tana riƙe da faranti, a kai akwai yadi, da ayaba, da gangamau. Ta ajiye gaban Gwaggo, ta durƙusa, ta taɓa ƙafafunta da hannu biyu. Ta ce tun tana yarinya uwarta ce ke share mata ƙasa ta jiƙa, ita kuma ta yi zane. Tun da uwar ta rasu ba wanda ya sake yi mata haka sai a garin nan. Idonta ya kawo ruwa.

Sai a lokacin na gane abin da ke faruwa a ƙofar baƙona. Na rasa inda zan sa fuskata. Abu ɗaya nake tsoro, kada matar nan ta san abin da ruwan yake nufi.

"Mi ta ce?" in ji Gwaggo.

Na faɗa mata duka, ban rage ko kalma ba. Ta janye ƙafafunta cikin zaninta, ta sunkuyar da kai.

Sai matar Injiniya ta yi tambaya. Ta ga guntayen ganye a ƙasa, wane ganye ne? A garinsu kashin shanu suke damawa a ruwan.

Na ce, "Magarya ce. Muna wanka da ita."

Ba ƙarya na yi ba, amma har suka fita ban ɗaga kai ba.

Gwaggo ta daɗe tana kallon farantin. "In na daina sharar, za ta tambaye ka dalili ko?"

"Za ta tambaya."

"Kai kuma ka faɗa."

"Turancina bai kai na kwana-kwana ba, Gwaggo."

"Makarantar banza ka yi."

Washegari ta fita da tsintsiya da ruwan rijiya, ba ganye a ciki. Haka ta riƙa yi kullum, tana kewaye zanen in ta dawo ta wurin, don har lokacin ba ta yarda ta tsallake shi ba. Da aikin ya koma wajen Sabuwa suka tashi. Matar ta rungume Gwaggo a bakin mota, ta tafi ba ta sani ba.