Tokar da surukina ya zuba

Shekara tara ina auren ɗansa, surukina bai taɓa kallon fuskata ba. Bafulatani ne na Zoza, mai shanu da kunya. Ni kuwa aikina a ɗakin gwaji ne a Karaye, kullum ido a madubin ƙara girman abu ina neman tsutsa a bayan gidan mutane.

Ciwon dajin kaluluwa ya kama shi, maganin da ake ɗura masa a Kano ya karya masa garkuwar jiki. Sai gudawa da tari suka zo. Likitarsa ta ce ba za ta ƙara masa zagaye na gaba ranar Alhamis ba sai an duba cikinsa, domin in akwai tsutsa, maganin zai sake ta ta bazu har huhu, ta kashe shi.

Ranar Litinin mijina ya kawo min bayan gidan mahaifinsa cikin robar gwaji a babur. Na duba, babu komai. Talata ma haka. Har na ɗauki biro zan sa hannu, sai na lura abin ya yi fari-fari, ya bushe. Toka ce. Tsohon ya san hannun wa robar za ta shiga, shi ne yake rufe abin da toka, ya bar shi a rana ya sha iska. Wace tsutsa za ta rayu a haka? Raina ya ɓaci, tsoro kuma ya kama ni.

Laraba da safe na hau babur zuwa Zoza. Na durƙusa a bayan zanarsa, muka gaisa.

"Baffa, ɗanye nake so, yanzu, ba toka. A hannuna za ka ba ni."

Ya yi tari.

"'Yar nan, ki bar ni da mutuncina."

"Baffa, in na rubuta ƙarya, gobe da hannuna na kashe ka."

Na fi awa a durƙushe. Can robar ta fito ta ƙarƙashin zana, da ɗuminta.

Da na koma Karaye, a madubi na ga tsutsotsin, ƙanana, suna ta motsi. Na kira likitar, aka ɗage ɗurin, aka fara kashe tsutsar.

Ya ƙara shekara biyu a duniya. Bai sake yarda mun haɗu ba, ko a bayan zana. Amma duk ranar kasuwa sai ƙwaryar nono ta iso gidana.