Ranar Da Aka Ce In Yabi Ɗan Farina

Edita, sallama gare ku da masu karatu. A shekarar 2018 ni ma'aikaciyar jinya ce a wani ƙaramin asibitin kuɗi da ke Al Khabaisi a Dubai, muna zaune a Al Karama ni da maigidana da yaranmu uku. Maigidan yana aiki a ofishin wani sito can Dubai Investments Park, ya fita da sassafe ya dawo a gajiye, don haka tarbiyyar yara a wuyana take. Ni kuwa mace ce mai zargi, ba zan ɓoye ba. Aikin asibiti ya nuna mini abubuwa da yawa, har ta kai ko murmushi mutum ya yi mini sai na tambayi kaina me yake nema. Ga kuma kunyar ɗan fari da na taho da ita daga gida kamar yadda na taho da muciyata. Ban taɓa kiran sunan babban ɗana ba, wancan nake cewa ko yayanku. Ba na zama hira da shi, in ina da magana sai in aiki ƙanwarsa. Haka na ga uwata ta yi wa yayanmu, kuma ban taɓa tsayawa na tuna cewa shi wannan yaro yana tatata muka kawo shi Dubai ba, ya tashi cikin yaran da iyayensu mata ke rungume su a ƙofar makaranta.

A watan Agusta na shekarar, yana shirin shiga ajin ƙarshe na sakandare, sai ya fara fita bayan sallar asuba da jaka a kafaɗa, alhali makaranta ba ta koma ba. Ya dawo wajen hantsi jiƙe sharkaf, ya share tukunya, ya miƙe a kujera ƙafafunsa sun zarce hannunta don tsawo. Ƙanwarsa ta ce wai ƙwallon raga suke yi, ni kuma na ce a raina wace ƙwallo ce ake yi a zafin da ko kuliyoyi sun ɓuya. Rannan yana alwala na hangi cikin hannayensa, daga wuyan hannu zuwa gwiwar hannu duk jini ya kwanta, ga yatsu a naɗe da filasta. Na tsorata, domin na san irin hannun da ake kawo mana asibiti na masu yi wa kansu allura. Na binciki jakarsa na samu wani farin gari a gora da sabon takalmi da ba mu muka saya ba. Tambaya ɗaya da ta kashe maganar, amma bakina ya kasa. Sai na kai ƙara wurin maƙwabciyata, wata Hajiya 'yar Maraɗi mai harkar kago, wato aika kaya zuwa gida, ita kuma ta ƙara wa wutar fetur. Ta ce wallahi ta ga yara da yawa da dillalan ƙarya suka yaudara da sunan ƙwallo, yanzu suna gararamba a unguwar Deira ba biza ba kuɗin komawa, in ban tashi tsaye ba, khalas, shi ke nan, sai dai labari.

Washegari na bi shi a ɓoye zuwa tashar jirgin ƙasa, ya shiga taragon gaba na shiga na mata, har makarantarsu. A zauren wasa na tarar da su, samari suna gudu, suna zubewa ƙasa don tarar ƙwallo da hannuwa biyu, a nan na gane inda tabon nan ya samo asali. Maimakon hankalina ya kwanta, sai idona ya koma kan kocinsu, wani dattijo Bamisire mai furfura, yana ta ce musu yalla yalla, wato maza-maza, yana ɗaukar ɗana bidiyo da waya yayin da yake tsalle ya taɓa bango da alli a yatsa. Da ya ji ko ni wace ce, murna kamar ya ga 'yar'uwarsa. Ya ce wannan atisayen share fage ne kafin a fara gasar makarantu, farin garin nan na ƙarin ƙarfi ne, takalmin kuma shi ya ba shi don nasa ya matse. Ya ce ya daɗe bai ga yaro mai tashi sama kamar nawa ba, ya tura bidiyonsa ga wani abokinsa da ke horar da 'yan wasa a wata jami'a a ƙasar waje, kuma akwai gurbi ɗaya na karatu da rangwame mai yawa. Duk abin da ya faɗa, kunnena ya juya shi. Me ya sa ɗana? Me zai samu? Wa ya ba shi izinin tura hoton yarona wata ƙasa?

Ku sani, gurbin nan ba abin wasa ba ne a gare mu. A lokacin, ɗa namiji in ya cika sha takwas ba ya zama a kan bizar ubansa sai yana karatu, mu kuma albashinmu bai kai na jami'ar Dubai ba. Maigidan ya ce mu saurare su, ba a yanke hukunci kafin a ji. Da mutumin jami'ar ya biyo ta Dubai lokacin gasa, ya kalli wasan ɗana, ya nemi ganin iyaye. Ranar ganawar sai kaya suka iso sito aka hana maigidan fita, ni na je.

Muka zauna a ofishin koci, baƙon yana fuskantata, ɗana yana gefe ya sa farar riga ya goge ta da kansa. Baƙon ya ce wasan yaron ya gani da idonsa, abin da bai sani ba shi ne halinsa a gida. Ya tambaye ni ko mai himma ne, ko shi ke tashin kansa, ko zai iya riƙe kansa a ƙasar da ba kowa nasa. Amsar gaskiya tana bakina, domin yaron nan ban taɓa tashinsa sallah ba, shi ke raka ƙannensa makaranta, shi ke ɗauko mini buhun shinkafa daga ƙasa. Amma in yabi ɗan fari, a gabansa, a gaban baƙi maza? Sai na yi abin da kowace uwa a garinmu za ta yi. Na yi dariya na ce ai wancan ba abin da ya iya sai ci da barci, tsawo ne kawai Allah ya ba shi, sai an yi da gaske yake motsi. A gida duk wanda ya ji haka ya san yabo ne aka lulluɓe. Baƙon bai yi dariya ba. Ni kuma da na ga haka sai zargina ya motsa, na shiga jero masa tambayoyi da kaushin murya, wa ya aiko shi, me zai ci a ciki, ina tabbacin ba za a watsar mini da yaro ba. Ya amsa duka cikin ladabi, ya miƙe ya yi mana sallama. Ɗana bai ɗaga kai daga kallon takalminsa ba.

Gurbin wani yaro aka bai wa. Kocin ya kira ni ransa a ɓace, ya ce abokin nasa ya faɗa masa baiwa kam akwai, amma ba zai ɗauki yaron da uwarsa da bakinta ta ce malalaci ne ba, kuma a fili take gidan ba sa so. Na yi ta bayanin al'ada, ya ce shi ya yarda, amma an riga an rufe. Shi yaron da aka bai wa gurbin yana can yana karatunsa lafiya, wato babu dillalin ƙarya ko ɗaya a lamarin sai wanda na ƙirƙira a kaina.

Da ɗana ya gama sakandare muka shirya masa komawa Zariya wurin ƙanin mahaifinsa. Ina ninke masa kaya da rana ya tsaya a bakin ƙofa, ya yi mini magana kai tsaye, abin da ba mu saba ba. Ya ce ba rashin gurbin ne ya fi yi masa ciwo ba. Ya ce tun yana ƙarami yake son ya ji yadda nake kallonsa, bai taɓa ji ba sai ranar, kuma ya gode da ya sani. Ashe shi ma bai san yabo ba ne, kamar yadda baƙon bai sani ba. Ya bar ƙwallonsa a ƙarƙashin gado, ya ce ƙannensa su yi wasa da ita.

Abin da na koya, na koye shi a makare. Kunya ado ce a inda kowa ya san ma'anarta, amma mun ɗauko yaranmu mun rene su a wata ƙasa, sannan muna so su fahimci abin da ba mu taɓa fassara musu ba. Iyaye 'yan'uwana da ke zaune a waje, bincike a kan wanda ya zo da alkawari wajibi ne, amma ku fara da tambayar ɗanku, kuma in an ce ku faɗi halinsa ku faɗi gaskiya ko da kuna jin kunya. A filin jirgi, da ya juya zai shige, na cije na kira sunansa da ƙarfi, karo na farko a rayuwata. Bai waiwayo ba. Daga baya ya gaya wa ƙanwarsa ya ji, amma ya ɗauka wata ce ke kiran nata ɗan.