Harsashin Baba a Cikin Ƙullin Yaji

Ƙarfe ɗaya da rabi na rana ne, wata Asabar, a gidanmu na haya da ke Taman Melati. Mu huɗu ne a falo: ni, da maigidana, da ɗanmu na fari, da wani ɗalibi maƙwabcinmu da ya zo cin abinci kafin ya tafi filin jirgi ɗauko amaryarsa. Abin da ya faru daga wannan lokaci zuwa magariba ba zan manta da shi ba har in koma ga Allah.

Bari in faro daga farko, don ba na son labari a hargitse. Karatu ne ya kawo maigidana Kuala Lumpur, ni kuma na biyo shi da yara. A hutun ƙarshen shekara aka kai ɗanmu sansanin horar da yara, inda ake koya musu harbi da bindigar iska. Harsashinta 'yar dalma ce kamar ƙwayar dawa. Masu sansanin suka nemi iyaye su taimaka a sayi dalmar, muka ba da namu. Yaron ya ba kakansa labari a waya. Kakan nan, mahaifin maigidana, tsohon mafarauci ne.

A ranar Asabar ɗin, da tsohon ya idar da sallar asuba can gida, sai ya kira mu. Maigidana ya buɗe muryar wayar don kowa ya gaishe shi. Bayan gaisuwa ya ce, "Ina ɗan maharbina? Wannan dalmar taku ta wasa ba ta koya wa namiji harbi. Na sa masa harsashi na gaske a cikin ƙullin yajin da na aiko. A kai wa malamansu, gudummawata ce."

Ƙullin nan yana cikin jakar amarya. Amarya kuma tana sama, cikin jirgi.

Angon ya ajiye cokali. A ƙasar nan, harsashi ko guda ɗaya aka kama mutum da shi ba izini, maganar kurkuku ake yi. Yarinyar kuwa ba ta taɓa fita waje ba, ba ta jin Malay, yaren ƙasar, saƙo kawai aka ba ta ta karɓa. Maigidana ya ce, "Mun gode, Baba, Allah ya ƙara girma," ya kashe wayar. Ko a wannan hali bai iya yi wa mahaifinsa musu ba.

Ni mace ce mai bin abu daki-daki. Na ce da farko a kira ta. Wayarta a kashe. Na biyu, a kira ƙanen maigidana da ya kai saƙon gidansu. Wayarsa ba ta shiga. Na uku, a kira iyayenta. Angon ya dube ni ya ce, "Anti, in ce musu me? Na ɗauko 'yarsu na kawo ta gidan yari?" Sai muka fasa kiransu.

Muka ɗauki tasi ana tafka ruwa. Direban ya ga fuskokinmu ya yi ta cewa mu kwantar da hankali, jirgi ba ya guduwa. Ni dai salati nake yi, ina tuna cewa a gida duk an tashe mu a kan abu ɗaya: saƙo amana ne, ba a buɗe shi, buɗewa rashin tarbiyya ne. Ni kaina haka na koya wa 'ya'yana.

Jirgi ya sauka, mutane suka yi ta fitowa, ita shiru. Duk jami'in da ya gifta sai in bi shi da kallo. Angon ya tsuguna jikin bango. Can sai ga ta tana turo kaya, ta rufe rabin fuska da mayafi. Ta gaida mu, sannan ta ja ni gefe, ido ya cika da hawaye.

"Anti, ki yafe mini. Na yi abin kunya. Na buɗe saƙonku."

Na riƙe hannunta na ce ta faɗa mini.

"Na ji yajin ya yi nauyi, yana ƙara kamar tsakuwa. Da na buɗe na ga harsashi ne, tun a gida na kai wa Abbanmu. Ya ce zai mayar wa tsohon da kansa, kada a faɗa a waya a kunyata dattijo. Ga yajin nan, ban taɓa ko cokali ba."

Na zauna a kan akwatinta. Maigidana ya juya baya yana share ido. Angon da ya dawo hayyacinsa cewa ya yi, "Daga yau ko wasiƙata ce, ki buɗe."

Tsohon bai yi nufin sharri ba, jikansa yake so. Amma da yarinyar nan ta bi tarbiyyar da nake taƙama da ita, Allah kaɗai ya san inda za ta kwana a ranar. Tun daga nan na sauya wa yarana doka.

Don haka ina roƙonka, mai karatu: idan za ka yi tafiya aka ba ka saƙo, ko daga hannun mahaifinka ya fito, ka kwance shi a gaban mai shi kafin ya shiga jakarka. Idan kai ne mai aikawa, ka buɗe da kanka, kada ka bar ɗan mutane da jin nauyin tambaya.