Garin da Ciɗo Ya Ɓoye

Akwai taswirar ƙasar Adar rataye a bangon wani biro, ofishin gwamnati, nan Tawa, kuma ina roƙon duk wanda bai gan ta ba ya je ya ba idonsa haƙƙinsa. Aiki ne na gwani. An zana duwatsu da ja, kwaruruka da kore, rijiyoyi da ɗigo-ɗigon shuɗi. Tun zamanin Nasara take nan. Nasara ya tafi, an sauya tuta, an sauya hoton da ke bisa tebur, amma ita ba wanda ya taɓa ta, don ba a taɓa kama ta da ƙarya ba. Mutum ɗaya ne kaɗai ya ce tana ƙarya, shi kuma Allah ya karɓi ransa ranar Talata, 9 ga watan Maris 1965, bayan sallar azahar. Daga Allah muke, gare shi kuma za mu koma. Baba Ciɗo ɗan Baƙo, jagoran ayari, ya rasu a garinsu, Tungar Baƙo, arewa da Barmu, yana da shekara saba'in da wani abu.

Baba Ciɗo, na san ka tun ina baza taba a kasuwar Tawa, kai kuwa kana sauka bakin rumfata duk ranar Lahadi, ka sha ruwa, ka kushe tabata, sannan ka cika aljihu da ita. Ba ka taɓa shiga lakwal, makarantar boko, ba. Amma in mutum ya ce maka zai tafi arewa, sai ka durƙusa ka zana masa ƙasar da yatsa cikin rairayi: ga inda dutse ke ƙarewa, ga kwarin da ke riƙe ruwa har bazara, ga rijiya mai ɗaci wadda raƙumi ke sha mutum bai iyawa. Ka san kufan mutanen da, ka san inda ganuwarsu ta bi, ka san tuddan da maƙeran farko suka narka tama suka bar kashinta baƙi ƙirin. Ban taɓa jin wanda ya bi zanenka ya ɓata ba, sai mutum guda, shi ma da gangan ka ɓatar da shi.

Ga yadda abin ya faru, kamar yadda ka ba ni labari ba sau ɗaya ba. Shekara talatin da suka wuce, wani Nasara ya zo da na'ura mai ƙafa uku yana auna ƙasa. Aka nemi jagora, kowa ya nuna ka. A lokacin duk garin da ya shiga takarda, sojan kumandan, Nasaran da ke mulkin yankin, na zuwa bisa raƙuma su ɗebi maza zuwa aikin dole na hanya, kuma ba duka ke komowa ba. Ka yi wata biyu da Nasaran nan kana faɗa masa gaskiya tsantsa, rijiya bayan rijiya, har ya sakankance da kai. Da kuka iso dutsen da ya kare Tungar Baƙo, sai ka ja akalar raƙuminsa yamma, ka ce masa bayan dutsen nan babu kowa sai kuraye da ƙaya. Kwana uku kuna zagaye garin da aka haife ka, matarka Habsatu tana cikin garin da goyo, ba ka ko leƙa ba. Ya bar wurin fari fat a takardarsa. Hakimi ya sani, ya yi shiru, don mahaifiyarsa can ta fito.

Daga ranar ba a ɗebi ko namiji ɗaya daga Tungar Baƙo ba. Akwai dattawa yau masu jikoki waɗanda da tuni suna kwance a bakin hanya cikin rami, in ma sun samu ramin. Nasaran kuwa, da zai tafi, ya rubuta maka takardar yabo, ya buga mata hatimi, ya ce kai jagora ne wanda bai taɓa faɗa masa ƙarya ba. Ka naɗe ta cikin fata ka rataya a wuya kamar laya.

Sai aka samu mulkin kai. Aka ce gwamnati za ta gina rijiyoyin siminti a ƙauyuka, kuma an ɗauko sunayen ƙauyukan daga taswira. A daidai lokacin rijiyar Tungar Baƙo, wadda kakanka ya haƙa, ta fara zubewa daga ciki. Mutum ɗari uku da dabbobinsu, da Buzayen da ke shayarwa can da rani, duk a kan rami guda mai ba da laka.

Ka zo rumfata ka ce, tun da na yi shekara huɗu a lakwal kafin kasuwa ta ɗauke ni, in raka ka biro in juya maganarka da Faransanci. Muka tarar da ma'aikacin, mutum mai ladabi, ya ba ka kujera. Ya duba bango, ya dube ka.

"Baba, nan ba gari."

"Ɗana, akwai gari. Can na kwana shekaranjiya."

"To mi ya hana shi shiga taswira?"

"Ni na hana shi. Ƙarya na yi wa Nasara."

Don ya san ba da mahaukaci yake magana ba, sai ka kwance layar ka miƙa masa. Ya karanta a hankali, ya ce, "Baba, takardar ga ta ce ba ka ƙarya. In gaskiya ta faɗi, taswira daidai take. In kuwa ka yi wa mai hatimi ƙarya, ni da ba ni da hatimi kaka zan yarda da kai?" Na juya maka maganar da Hausa, ka yi dariya har da tari, ka ce wallahi yaron ga ya yi karatu. Ka ce to ya zo ya gani da idonsa, yini guda ne bisa raƙumi. Ya ce shi da mota yake fita aiki, mota kuwa hanya take bi, kuma ga taswira nan, babu hanya.

Ba zan zalunci mutumin ba. Ya rubuta wasiƙa zuwa sama, na gan ta da idona. Amsa ta zo bayan wata bakwai, an ce za a duba al'amarin in an sake auna ƙasa.

Cikin wannan jira ne wani mushe, wato malamin lakwal, ya zo daga Yamai yana tattara tarihin Adar don ƴan lakwal. Kowa ya nuna ka, kamar da. Kwana uku yana zaune gabanka a rumfata, kana lissafa masa sarakunan da suka shuɗe, da inda suka zauna, da inda aka kore su, da kwarin da dawakinsu suka sha ruwa. Ya cika littafi biyu, bai ce maka kawo shaida ko sau ɗaya ba. Da zai tashi ka ce ya ƙara layi guda, ya rubuta cewa akwai Tungar Baƙo. Ya ce ai shi tarihi aka aiko shi, taswira aikin wasu ne. Ka juyo ka ce mini, "Ka gani? Sun yarda da ni a kan matattun shekara ɗari uku, sun ƙi yarda da ni a kan rayayyu ɗari uku."

Sau goma sha ɗaya ka taka zuwa Tawa a kan maganar nan, ina ƙirgawa. Ban taɓa jin ka yi nadamar abin da ka yi wa Nasara ba, ban kuma ji ka zagi kowa ba. Abin da kake cewa kawai, kai ka rufe ƙofar, kai ya kamata ka buɗe ta kafin ka tafi. Zuwanka na ƙarshe zafi ya riga ya shigo. Abokinka Rissa, makiyayin da kuka yi shekara arba'in kuna faɗa a kan wa zai fara ja da guga, shi ya ɗora ka bisa raƙuminsa ya kai ka gida. Ka kwanta kwana shida. Ruwan da aka yi maka wanka da shi, Rissa ne ya ɗauko cikin salka daga rijiya mai nisan rabin yini, don rijiyarku ranar nan ba ta ba da ko na alwala ba.

Allah ya jiƙan ka, Baba Ciɗo. Allah ya yafe maka kurakuranka, ya sa ƙaryar nan guda cikin ma'aunin alherinka, ya yalwata maka kabari, ya shayar da kai daga tafkin da ba ya ƙafewa. Ina miƙa gaisuwa ga Inna Habsatu, da ɗiyarka Ladi, da Rissa, da dukan mutanen Tungar Baƙo. Allah ya ba ku haƙuri, ya ba ku ruwa.

Bayan addu'ar bakwai, Ladi ta zo Tawa don a rubuta rasuwar mahaifinta, na raka ta biro. Ma'aikacin nan ya yi mata gaisuwa har da hawaye. Ya rubuta suna, ya rubuta rana, sannan ya tambaye ta inda aka rasu. Ta faɗa masa. Ya ɗaga kai ya dubi bango, alƙalami a hannu, har muka fito bai sauke shi ba.

To jama'a, ku da kuka fi ni karatu, mu da muka tsaya sahu uku a bayan dutsen nan muka sallaci gawa, a ina muka binne shi?