Kujerar Cikin Rufin Brenda

Brenda Ackroyd maƙwabciyata ce a garin Halifax na Ingila, ƙofarta na kallon tawa. A layin nan aka haife ta, cikin gidajen dutse da aka jera manne da juna tun zamanin masaƙu. Ta yi aikin masaƙa har aka rufe ta, sannan ta koma dafa wa 'yan makaranta abinci. Gajera ce mai kaifin baki. Mijinta Len direban bas ne, kuma tun da ya rasu take zaune ita kaɗai, daga ita sai rediyonta.

Da auren 'yarta Gail ya mutu, Gail ɗin ba ta da inda za ta zauna, sai Brenda ta ce za ta mayar da sararin da ke tsakanin sili da rufi ɗakin kwana. Ta nemo mai zanen gini, wata mata mai suna Helen, da wani magini Trevor, ƙato mai yawan barkwanci. Ranar da suka zo dubawa da hantsi ina gidan, muna shan shayi.

"Mama, me kika ɓoye a sama? Gawar tsohon saurayi?" in ji Trevor yana kafa tsani.

"Hau ka gani, sarkin surutu. In ka faɗo ba ni ɗaukar ka."

Suka hau da tocila. Muka ji takunsu a kanmu, sai kuma shiru. Helen ce ta fara saukowa, fuskarta ta sauya. Ta ce babu bango tsakanin rufin Brenda da na maƙwabta, sarari ɗaya ne tun daga farkon layi har ƙarshe. Wannan ba abin mamaki ba ne a tsofaffin gidaje. Amma akwai kujera, in ji ta, an ɗora ta a kan katako daidai saman gadon Brenda. Ko'ina ƙura ce da yanar gizo, ban da kan kujerar.

Trevor ya sauko riƙe da kofi mai zanen furanni. Brenda ta karɓa ta juya shi a hannunta.

"Nawa ne," ta ce. "Tun makokin Len nake neman sa."

"Ko marigayi ne yake hawa shan iska?" in ji Trevor.

"Len? Ko ƙwan lantarki ni nake canzawa. Tsoron tsani yake yi."

Muka bi gidajen layin ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya nuna mana ƙofar silinsa, wasu an buga musu ƙusa, wasu fenti ya liƙe su tun tuni. Gidan ƙarshe kuwa ya yi shekaru babu kowa. 'Yan sanda suka zo suka leƙa, suka tafi.

Helen ta ƙara bango biyu a zanenta, ɗaya a kowane gefe don raba rufin Brenda da na maƙwabta, aka fara aiki. Ranar da Trevor yake rufe na biyu, da tsakar rana, sai ga shi ya sauko hannunsa duk siminti, ya zauna a dokin ƙofata. Ya ce saura 'yar kafa kaɗan ya gama, sai ya ji numfashi daga ɗaya ɓangaren. Sannan wata murya ta ce a hankali, cikin ladabi, "Ɗan bar mini wuri mana."

"Me ka ce masa?" na tambaye shi.

"Bulon na saka."

Bai sake yin wasa a gidan ba, bai kuma sake hawa shi kaɗai ba.

Ɗakin ya yi kyau, da matakala da taga mai kallon sama. Gail ba ta daɗe a cikinsa ba. Ta ce da zarar gida ya yi shiru takan ji taku ya taho daga nesa, ya iso bango, ya tsaya. Ta kwashe kayanta ta koma wurin ƙawarta a Leeds.

Brenda ce ta sa aka haura mata da gadonta can, duk da ciwon gwiwa. Na ce ta zo ta zauna wurina, ta ƙi.

"Ko wane ne, shekaru ya yi a kaina bai taɓa ni ba," ta ce. "Yanzu ma ai da bango."

A ɗakin ta ƙarasa rayuwarta. Bayan rasuwarta Gail ta sayar da gidan. Sababbin masu shi mutanen kirki ne, muna gaisawa, amma ban taɓa gaya musu komai ba.